Baƙin Dutsen da Ya Yi Shiru

Ku matso ku ji abin da ya faru a Tudun Alli, garin masu haƙar kwalli.

Ranar da Kuluwa ta ɓace, ramin da take haƙa ba ruftawa ya yi ba, rufewa ya yi. Matan da ke aiki kusa da ita a gindin Dutsen Maiƙyalli sun ce suna jin saran daginta, can sai suka ji shiru. Da suka leƙo, babu rami, babu Kuluwa. Ƙasa ta haɗe sumul har da ciyawa a kai, kamar ba a taɓa sara wurin ba. Takalmanta kaɗai suka tarar a jere.

Kuluwa tana da 'ya'ya biyu mata, ubansu ya daɗe da rasuwa. Ladidi ce auta, ita ake goyo, ita ake wa waƙa, ita ake kira tun daga bakin zaure. Tasalla kuwa 'yar fari ce, kuma Kuluwa mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba. Ba ta taɓa kallon tsakiyar idonta ba. In tana son kiranta, sai ta ce, "Ke." In tana maganarta da wasu, sai ta ce, "Waccan." Tasalla ta san al'ada ce, ta san haka ake yi a gidaje da yawa. Duk da haka, in ta ji an ce "Ladidi, zo ki ci tuwo," sai abin ya sosa mata rai. Sau ɗaya kawai take so ta ji yadda sunanta zai fito daga wannan bakin.

Sana'ar Kuluwa duwatsu ce. Tana haƙo kwalli ta niƙa, tana sayar da kanwa da alli da alif a kasuwa, kuma duk wanda ya tsinci wani dutse da bai gane ba, wurinta yake kawowa. Da yamma takan zaunar da Ladidi ta baje duwatsu a faifai, ta ɗaga murya.

"Ladidi, kada ki yarda da launi. Launi riga ce. Ki sa farce, in ya ƙi ki sa wuƙa. Ki ɗaga ki ji nauyi. Ki fasa ki ga yadda yake tsagewa. In duk kin rasa, ki goga shi a gindin tangaran, inda ba sheƙi. Layin da ya bari, shi ne gaskiyarsa."

Ladidi kuwa tana can tana wasa da 'yar tsana, ko kallon faifan ba ta yi. Tasalla ce ke shara a tsakar gida, tana maimaita wuri ɗaya da tsintsiya don kada maganar ta wuce ta.

Aka yi neman Kuluwa har aka gaji. Aka yi addu'a, aka yi sadaka, mutane suka koma harkokinsu. Wata safiya Tasalla tana gyara ɗakin uwar, sai ta sa hannu a ƙasan wata tsohuwar tukunya ta taɓo abu mai ɗumi. Dunƙulen kwalli ne kamar ƙwan zabuwa, an naɗe shi a tsohon zanen goyo. Yana ƙyalli, gefunansa a miƙe kamar an yanka da wuƙa, ga nauyi, kuma yana motsi a hankali cikin tafin hannu kamar ƙirjin jariri mai barci.

Ta kai wa kakarsu, Iya Tabawa. Tsohuwa na gani ta ja da baya tana salati.

"Wannan farin haƙa ne! Duk ramin da aka buɗe, dunƙulen farko na masu ƙasa ne, a bakin rami ake ajiye musu a juya baya. Kuluwa ta fi kowa sani. Me ya kai ta?"

Ladidi ta ce, "Ni ta ɗauko wa. Ai ta ce za ta yi mini kwallin Sallah."

Tasalla ma haka ta zata. Ta naɗe dunƙulen, ta ɗauki 'yar wuƙar uwar, da allura mai zare, da ɓallin farin tangaran da Kuluwa ke gwaji da shi.

Iya Tabawa ta ce, "Ina zuwa, uwar 'yan kunya? Ke da ko a kasuwa sai an kara kunne a bakinki kafin a ji kuɗin kanwa, ke ce za ki tsaya gaban masu ƙasa?"

"Ba magana zan je yi ba, Iya. Mayar musu zan yi."

"In sun riƙe ki fa? Wa zai dama mini fura? Wannan ƙazamar?"

"Ni ce ƙazama?" in ji Ladidi.

Tsohuwa ta kama hannun Tasalla ta tofa mata addu'a, ta daɗe ba ta saki ba.

Rana na tsaka Tasalla ta isa inda aka tsinci takalman. Ta ajiye dunƙulen a kan ciyawa. Ƙasa ta yi nishi, ta buɗe kamar bakin buhu, ga matakala tana gangarawa. Ta ɗauki kayanta ta yi bisimilla ta shiga, ƙasa ta rufe a bayanta.

Ta yi ta sauka, ta yi ta sauka, sannan ta fito wani fili fari fat, ba rana a sama amma ko'ina haske. Ko'ina ka duba mutane ne tsaitsaye, farare, ba sa motsi, wani da hannu a miƙe, wani da baki a buɗe. A tsakiyarsu wata doguwar tsohuwa na zaune gaban murhu. Gashinta kamar auduga ya zubo har ƙasa ya zagaye ta, idanunta ba baƙi a ciki.

Tasalla ta durƙusa. "Sallama gare ki, mai wannan wuri."

"Sallama gare ki, 'yar Adam mai warin rana. Ni ce Uwar Farare. Ba a wuce ni sai an yi mini aikin gida. Wutata ta mutu. Wakena ya ƙi nuna. Miyata lami. Ruwan randata ya ƙi kwanciya. Bangon ɗakina yana son ado. Ga abin da za ki yi aikin da shi."

Ta turo faifai. Duwatsu biyar ne a kai, dukkansu farare, girma ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su.

"In kika sa wani a gurbin wani, za ki tsaya tare da waɗannan. Ina da sauran wuri."

Tasalla ta dubi duwatsun. Ta runtse ido, sai ta ji muryar nan ta yamma a tsakar gida: ki sa farce. Ta bi su da farce ɗaya bayan ɗaya. Guda ya ba da gari nan take, ya bar fari a yatsanta. Alli ne, ta ware shi na bango. Ta ɗauki wuƙa. Uku sun karɓi zane, ɗaya ya ƙi, wuƙar ce ma ta zame. Ta buga shi da bayan wuƙar, tartsatsi ya tashi. Ƙanƙarar dutse ce, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita. Ta ƙyasta a kan audugar rimi, murhu ya kama.

Saura uku, kuma nan ido ba shi da amfani. Ta taɓa na farko da harshe, ya yi mata ɗaci-ɗaci da santsi kamar sabulu. Kanwa, ta jefa a wake. Na biyu ya ɗaure mata baki da bauri har haƙoranta suka yi tsami. Alif, ta zagaya shi cikin randa, laka ta kwanta. Na uku tun kafin ta lasa ta ga ya ɓalle da kusurwoyi kamar ɗan akwati. Ta lasa duk da haka, gishiri ne, ta barbaɗa a miya.

Uwar Farare ta ɗanɗana miyar ta lumshe fararen idanunta. "Wa ya sanar da ke wannan?"

"Ba a sanar da ni ba, ranki ya daɗe. Ƙanwata ake gaya wa, ni ina shara."

"Ƙanwar taki tana ina yanzu?"

"Tana gida."

Tsohuwa ta yi dariya har gashinta ya girgiza. "To. Wuce, mai shara."

Gashin ya dare biyu, hanya ta bayyana. Tasalla ta bi ta har ta kawo bakin wani kogi mai baƙin ruwa, ba ya gudu, ba ya ƙara. Ta jefa tsakuwa, ba ta ji ta sauka ba. Daga wannan gaɓa zuwa waccan duwatsu ne rawaya a warwatse bisa ruwan, suna walƙiya har ido na ciwo. A kan na farko wata halitta na kwance, jikinta na guza, fuskarta ta dattijo mai furfura.

"Sallama gare ka, mai wannan ruwa."

"Sallama gare ki, 'yar Adam mai gajeren kwana. Ni ne Sarkin Mashigi. Duk abin da kike gani zinariya ce, in kin tambayi ido. Wasu za su ɗauke ki. Wasu za su farfashe a ƙarƙashin ƙafarki. Ruwan nan kuwa ba ya mayar da abin da ya karɓa."

"Ranka ya daɗe, an yarda in taɓa kafin in taka?"

"Ba wanda ya taɓa tambaya. Gudu suke yi su hau wanda ya fi haske. Taɓa."

Ta tsuguna ta miƙa hannu ta goga ɓallin tangaran a jikin dutsen da ya fi kowanne ƙyalli. Layi ya fito baƙi-ƙirin mai ɗan kore. Ta goga a na kusa da shi, wanda haskensa ke kwance ba ya tsalle. Layi ya fito rawaya. Ta danna masa allura, allura ta lotsa shi kamar ana taɓa sabulun da ya bushe. Ta taka, ya ɗauke ta.

Haka ta yi ta tafiya, tsuguno, miƙa hannu, goge, duba. Bayanta ya ƙage. A tsakiyar kogin ta gaji, ta ga wani babba a gabanta, faffaɗa, ta ce a ranta wannan ai ba sai an gwada ba. Ƙafarta ɗaya na sauka ya tarwatse kamar busasshen tuwo, warin farar wuta ya bugi hancinta. Ta faɗa da baya ta rungume dutsen da ta baro. Takalminta ɗaya ya tafi, ruwa ya haɗiye shi ba ko kumfa. Ta daɗe a kwance tana haki. Abin da ya zo mata a rai shi ne, da a gida ne, da uwar ta ce, "Ke, ba ki da ido ne?" Sai ta ji ko wannan faɗan ma tana marmarinsa.

Daga nan ba ta sake taka wanda ba ta goga ba. Da ta kai gaɓa, ɓallin tangaran ya cika da layuka baƙaƙe da rawaya, ɗan wuri kaɗan ya rage fari, bai fi farcen ɗan yatsa ba.

Sarkin Mashigi ya riga ta isa. Ya miƙo mata curin zinariya. "Karɓi ladanki."

"Ranka ya daɗe, abin da aka ɗauka na zo mayarwa. Ba zan ƙara wani ba."

Ya kalle ta ya kaɗa wutsiya. "Je ki. Magajiyar Ƙasa ta san da zuwanki."

Ta cire ɗaya takalmin ta ci gaba ba takalmi. Hanya ta shiga tsakanin bangaye biyu na baƙin dutse, masu tsawon da ba a ganin ƙarshensu. Tana shiga ta ji ana jan gefen zanenta. Wuƙar nan ta fizge kanta daga ƙugunta ta tashi sama ta manne a bango. Ta ɗaga kai. Bangon duka a lulluɓe yake da ƙarafa: fartanya, gatari, diga, wuƙaƙe, har da 'yan kunne. Mayen ƙarfe ne, dutse guda tun daga ƙasa har sama.

A can ƙasa-ƙasa ta hango wani dagi mai tsumman atamfa shuɗi ɗaure a ƙota. Ta san shi. Ta je ta ɗora tafinta daidai inda hannun uwar ya cinye icen har ya yi santsi. Yatsunta suka zauna cikin gurbin kamar an auna. Ba ta tuna ranar da ta riƙe hannun Kuluwa ba, ko sau ɗaya. Ta tsaya a nan ta yi kuka, ba mai ganinta.

Gaba kaɗan hanya ta rabu kashi-kashi, kowace baƙa, kowace kamar 'yar'uwarta. Ta ciro allura ta riƙe ƙarshen zaren. Allura ta miƙe a iska tana rawa, ta nuna wata siririyar hanya a hagu. Ta bi, jan yana ƙaruwa, har ta kawo gaban wata ƙatuwar ƙofa. Zaren ya tsinke, allura ta manne a ƙofar.

Ƙofar ta yi magana da murya mai kauri. "Ƙarfe ba ya wuce nan, 'yar Adam."

"To da me zan yi gwaji, ranka ya daɗe?"

"Da abin da ya rage miki."

Ƙofar ta buɗe. Birni ne a ciki. Tagogin gidajensa na wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa, ana hango inuwar masu gida ta ciki suna leƙenta. Ba wanda ya fito. Titi ɗaya ne, ya kai ta har wani babban zaure, inda wata mace ke zaune bisa dutse. Rabin fuskarta yarinya ce, rabi tsohuwa tukuf. Idanunta sun sha kwalli har kunne.

Tasalla ta zube. "Sallama gare ki, Magajiyar Ƙasa. Na kawo abin da aka ɗauka."

Ta kwance zanen goyon ta ajiye dunƙulen. Ya mirgina da kansa ya hau cinyar Magajiya ya lafe.

"Kin kawo nawa, 'yar Adam, na karɓa. Amma ni ba na miƙa mutum da hannuna. Mai nema shi ke ganewa. Duk wanda ya shigo ƙasata yakan zama dutsen da ya dace da shi. Uwarki na cikin waɗancan. Dutse ɗaya za ki goga. In ita ce, ku tafi. In ba ita ba ce, ki zauna."

Bangon bayanta ya janye. Fili ne cike da duwatsu, kore da ja da shuɗi, masu haske kamar ruwa, masu walƙiya kamar taurari. Tasalla ta sa ƙafa a ciki.

"Tasalla."

Ta daskare. Muryar Kuluwa ce, ba ko shakka, da 'yar dishewar nan ta mai shaƙar garin dutse. Daga wani koren dutse mai kyau ta fito.

"Tasalla, 'yata, kin zo?"

Wani ja ya karɓa daga gefe. "Tasalla, zo nan in gan ki." Wani mai haske kamar ƙanƙarar sama ya ce, "Tasallata, kin sha wuya." Nan da nan filin ya cika da sunanta, kowane dutse da muryar uwarta, a hankali, da taushi, yadda ake kiran Ladidi, har ma ya fi.

Ta zauna a ƙasa ta rufe ido. Ashe haka yake. Ashe haka sunan ke fita, da ɗan ja a ƙarshe. Ta ce a ranta, bari in ji sau ɗaya kuma. Ta ji. Ta ce, sau ɗaya kuma.

Muryar Magajiya ta zo daga nesa. "Ba dole sai kin zaɓa ba. Kina iya zama nan ki yi ta ji har abada. Ba sa gajiya."

Tasalla ta ji sanyi na hawa daga yatsun ƙafarta. Ta duba, sun fara yin fari, sun yi tauri. Ba ta ji tsoro ba, abin da ya ba ta tsoro ke nan. Ta dubi koren dutsen, ta ɗaga ɓallin tangaran, hannunta ya nufe shi. Sai ta ga layukan nan baƙaƙe da suka cika shi, kowanne daga dutsen da ya fi ƙyalli a kogi.

Ta sauke hannun. A hankali ta ce, "Inna ba za ta kira ni ba. Ko a nan. Ko a gaban wa."

Ta miƙe da ƙyar tana jan ƙafa, ta toshe kunne ɗaya da yatsa, ta bi ta tsakiyar masu kiranta. Tana wuce su suna ƙara taushin murya. Ba ta waiwaya ba, amma hawaye na zuba. Ba mai kira take nema ba yanzu, mai shiru take nema.

A can ƙarshen fili, inda hasken ya rage, ta tarar da baƙaƙen duwatsu guda uku, ba mai magana a cikinsu. Ta tsuguna. Na farko yana sheƙi, gefensa ya ɓalle da kusurwoyi a miƙe. Kwalli ne. Na biyu ƙarami ne, amma da ta ɗaga sai ya ja hannunta ƙasa, nauyinsa ya fi girmansa nesa. Kuza ce. Na uku ba sheƙi, ba kyau, jikinsa ƙulu-ƙulu kamar ƙoda. Kuma duk ta inda ta zagayo, sai ta ga kamar ya ba ta baya.

Ta tuna wata yamma. Kuluwa ta ɗaga irin wannan dutse ta ce da ƙarfi, "Ladidi, kin ga wannan tamar? Kowa ya gan ta ya ce baƙa ce. Ba a sanin cikinta sai an goga." Ladidi tana barci a lokacin. Barci take yi, har da minshari. Tsakar gidan ba kowa sai mai shara.

Tasalla ta juya ɓallin tangaran ta nemo ɗan farin wurin da ya rage. Ta ce bisimilla, ta goga.

Layi ya fito ja wur, kamar jini.

"Ke! A hankali mana!"

Duk muryoyin filin suka ɗauke. A inda dutsen yake, Kuluwa ce zaune, da zanen aikinta, da ƙasa a gwiwoyinta, tana dafe da goshi inda ya ɗan kuje. Ta dubi ƙafafun Tasalla, ba fuskarta ba.

"Wa ya ce ki zo nan? Ina takalmanki? Kin ma ci abinci kuwa?"

Tasalla ta dube ta. Dariya da kuka suka haɗe mata.

Magajiyar Ƙasa ta taso ta tsaya a kansu. "'Yar Adam, kafin ku tafi, ki ji abin da ya zaunar da matar nan. Dokata ita ce, wanda aka ɗauko farin haƙa dominsa shi nake kamawa, ba wanda ya ɗauka ba. Na ce mata ta faɗi sunan wanda ta ɗauko dominsa in sake ta nan take. Na tambaye ta da lallashi, na tambaye ta da tsawa. Amsa ɗaya take ba ni: wai bakinta bai saba da sunan ba."

Tasalla ta dubi zanen goyon da ke hannunta. Tsoho ne ƙwarai, ya koɗe. Ladidi ba a goya ta da shi ba, nata mai ja ne, yana nan a gida. Wannan na 'yar fari ne.

Kuluwa ta miƙe tana kakkaɓe zane, ta kawar da kai gefe. "Matar nan surutu ya yi mata yawa. Ke, wuce mu tafi, na bar wanki a jiƙe."

Magajiya ta yi murmushi da rabin fuskarta na yarinya. Ta buga ƙafa, ƙasa ta ɗaga su kamar ana ɗaga faifai, sai ga su a gindin Dutsen Maiƙyalli, rana ta karkata, awaki na kiwo.

Garin ya ɗauka da guɗa. Ladidi ta faɗa jikin uwar tana ihu, uwar tana cewa, "Ladidi, Ladidi, za ki kayar da ni." Iya Tabawa ta dubi Tasalla sama da ƙasa ta ce, "An aike ki ki dawo da mutum, kin zubar da takalmi. To furar fa?" Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi.

Kujewar goshin Kuluwa ta warke, amma ta bar ɗan tabo ja. Ba ta sake taɓa farin haƙa ba. Ba ta kuma kama sunan ba, ko ranar, ko bayanta. Wani lokaci Tasalla na cikin shara sai muryoyin filin nan su dawo mata, da ɗan jan nan a ƙarshe, ta tsaya da tsintsiya a hannu har abin ya wuce. Ta san na ƙarya ne. Bai hana ta kewarsu ba.

Ranar Sallah da safe Kuluwa ta niƙa kwalli, na kasuwa, irin wanda kowa ke sawa. Ta sa wa Ladidi, Ladidi ta ruga waje nuna wa ƙawaye. Tasalla ta ɗauki tulu za ta fita.

"Ke. Ajiye tulun nan. Zo."

Ta zo ta durƙusa. Kuluwa ta kama haɓarta da hannu mai kaushi ta ɗaga fuskarta sama.

"Buɗe idon. Kada ki ƙifta."

Ba a sa wa mutum kwalli ana kallon gefe. Kuluwa ta ja layin dama, ta ja na hagu. Kwalli ya zauna, ba abin da ya rage a gyara. Hannun bai saki haɓar ba.

Iya Tabawa ta leƙo daga ɗaki. "Wai kwallin nan na ido nawa ne? Tun ɗazu!"

"Bai yi daidai ba ne, Iya," in ji Kuluwa, ba ta ɗauke ido ba.

Tasalla kuwa ba ta ƙifta ba.